Amsa kan ɗan bututun da ake dasa wa masu hawan jinin ido

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce an gano Baba na da hawan jinin ido, kin kuma ga bidiyon ɗan ƙarfen da ake dasawa a ido, kina tambaya ko zai dawo masa da gani ya huta da ɗiga magani. Ni ke jinyar yayana kan wannan ciwo, shi ya sa na sa baki.

Ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ruwan cikin ido ne ke rasa mafita, ya taru ya danne jijiyar gani, don haka duk aikin da za a yi na tsare sauran ne. Ta gefe ciwon ke fara ci. Yayana na karanta Alƙur'ani lafiya lau, amma a hanyar kasuwar Dole sai ya ji iskar ɗan kabu-kabu kafin ya gan shi.

Dashen gaskiya ne. Akwai iStent, tsawonsa kusan milimita 1, Amurka ta amince da shi a 2012, sai Hydrus mai milimita 8 a 2018. Magudanar ruwan suke buɗewa, galibi a haɗa da aikin cire yana, ta ƙofa ɗaya, kuma ido na saurin warkewa. Sai dai an yi su ne don ciwon da bai yi nisa ba, wasu ma ba sa rabuwa da ɗigon bayan aikin. Mu da muka je Kano, likita ya ce na yayana ya wuce nan, ana son awon matsin ruwan idon ya sauka ƙasa sosai. Tsohon aikin aka yi masa, wanda ake huda wa ruwan sabuwar hanya a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama.

Idan an ambaci XEN, wani ɗan bututun dashen ne shi ma, ki sani da sinadarin jikin alade ake yin sa, Baba ya tambayi malamai tukuna. Wani kuma, CyPass, kamfaninsa ya janye shi a 2018 saboda illa ga fatar gaban ƙwayar ido mai haske kamar gilashi, shi ya sa ba na rawar jiki kan sabon abu.

Ki koma wurin likitan ido a babban asibitin Damagaram, ki tambayi lambar awon (na lafiya tsakanin 10 da 21 yake) da inda ciwon ya kai. Kada Baba ya tsallake ɗigo ko da kwalba ta ƙare ana jiran kuɗi, gara a ranto. Ku 'ya'yansa ma ku je awo, ciwon na bin jini. Allah ya ba shi lafiya.