Hukuncin ajiye "wanzamin teku" a akwatin gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Yamai. A tafiyata Dubai na ga wani ɗan kifi shuɗi mai baƙin layi a akwatin gilashi, ina son in saya wa yara. Amma an ce macensa takan rikiɗa ta zama namiji. Ya halatta in ajiye shi? Kuma rikiɗar ba canza halittar Allah ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Siffar da ka bayar ta kifin da masana ke kira Labroides dimidiatus ce, ni kuwa wanzamin teku nake ce masa. Tsawonsa kamar santimita 10 ne, baƙin layin ya taso daga baki yana faɗaɗa har wutsiya. Mazauninsa duwatsun murjani ne a Bahar Maliya da tekun Indiya da Pasifik. Yana da rumfarsa guda, manyan kifaye su zo su buɗe baki, ya shiga ya tsince musu ƙwari, ba su haɗiye shi ba.

Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Namiji ɗaya ke riƙe da mata da yawa, lokacin barbara shi da mace su yi sama tare, su saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa. Idan ya mutu, babbar cikin matan takan ɗauki halinsa cikin 'yan sa'o'i, cikin kamar mako biyu jikinta ya koma na namiji. An bayyana haka a 1972 daga tekun Ostareliya. Canjin da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga shi ne wanda mutum ke yi bisa umarnin Shaiɗan. Wannan kifin kuwa haka Mahalicci ya gina shi, ba kuma a kiyasta ɗan Adam mukallafi, wanda shari'a ta hau kansa, da dabba.

Asalin ajiye dabba don sha'awa halal ne. Annabi (SAW) ya san ƙanin Anas, Abu Umair, yana wasa da ɗan tsuntsu, bai hana ba. Sharaɗin yana cikin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba.

To a nan nake ji maka tsoro, Alhaji. Kifin ruwan gishiri ne, ruwan kogin Isa ba ya yi masa. Abincinsa a jikin wasu kifaye yake, shi ya sa da yawa ke mutuwa a akwati. Ga zafin watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Injin da ke hura wa ruwan akwatin iska ya tsaya rabin yini, sai ka tarar da shi ciki sama. Idan ya rinjaya a zatonka mutuwa zai yi, bai halatta ka saya ba. Ka samo wa yaran ƙananan karfasa ko wani kifin ruwan daɗi, ka koya musu ba shi abinci. Wallahu a'alam.