Amsa: Rawar hannu a sinuka da golf, wanne ya fi?

Malam ka tambaya me ya sa hannunka ke rawa in ka zo kan baƙar ƙwallo a sinuka amma a golf ba ka jin haka. To ni dai a ganina tsoron ba iri ɗaya ba ne. A golf rami 18 ne, kusan awa 4 kana tafiya, in ka ɓata bugu ɗaya akwai sauran, kuma ƙwallonka kai kaɗai ke taɓa ta. A sinuka kuwa kana kuskurewa sai ka koma ka zauna kana kallo mutum ya share teburin gaba ɗaya, ba yadda za ka yi, wannan zaman shi ke kashe mutum wallahi.

Amma fa kar ka raina golf, ɗan wasan golf Bernhard Langer ya ci babbar gasar nan ta Masters a 1985 da 1993 kuma shekaru ya yi yana fama da rawar hannu a ɗan gajeren bugu kusa da rami.

Shawarata a sinuka ita ce ka gama lissafinka kana tsaye, ka shafa alli a bakin sandar, ka ja numfashi sannan ka duƙa. In shakka ta zo maka kana duƙe ka miƙe ka sake daga farko, kuma ka sassauta riƙon sandar, tsoro matse hannu yake sa mutum.