Shekarar da ke jikin fayil ba ita ce shekarar littafi ba

Tambaya: Malam, ina koyon kiɗan lut, dangin garaya na Turawa. An turo min hotunan tsohon littafin kiɗan lut na Capirola ta WhatsApp, na duba bayanan fayil ɗin na ga 2014, ga rubutun duk ya dushe. Yaya zan san shekarunsa na gaskiya, kuma ina zan samu mai kyau?

Amsa: Malam, waccan 2014 ranar da aka ɗauki hoton ce ko aka adana fayil ɗin, ba ruwanta da littafin. Shi wajen 1517 aka rubuta shi a birnin Benis na Italiya, yanzu kuma yana ɗakin karatu na Newberry a Shikago. Capirola makaɗin lut ne ɗan Italiya, wani almajirinsa mai suna Vidal ne ya kwafe littafin, ya ƙawata gefen shafukan da zanen dabbobi da furanni don ko wanda bai san kiɗa ba ya ji tausayin yar da shi. Dabarar ta yi aiki.

Dushewar kuwa aikin WhatsApp ne, yana matse hoto don rage nauyi. Ka je shafin ɗakin karatun da kansa, ko IMSLP, shafin da ke tara rubutattun kiɗa. Littattafan Faransa suna Gallica, shafin babban ɗakin karatun ƙasar, littattafan lut da wani ɗan Ingila Matthew Holmes ya kwafa kuma jami'ar Kambirij ta ɗora su kyauta. Idan data ta yi ƙaranci, sauke shafin da kake bukata kawai, ka bar sauran sai ka samu Wi-Fi.

Batun shekaru, takardar kanta masana suke dubawa. Masu yin ta suna ɗinka tambarin waya a jikin rariyar da suke tace ta, sai ya fito idan an ɗaga takardar ga haske. Rariyar ba ta wuce 'yan shekaru take lalacewa, don haka tambarin kan nuna lokaci. Wani masanin takarda mai suna Briquet ya tattara irin waɗannan tambura sama da 16,000 a littafinsa na 1907. Da wannan hanyar ake bin tsoffin littattafan malamanmu na Kano da Sakkwato, masu tambarin jinjirin wata uku na takardar Italiya. Sai dai hoton da aka saba ɗauka ba ya nuna tambarin, tunda ba a haska ta baya ba, saboda haka karanta bayanin da ɗakin karatun ya rubuta a ƙarƙashin hoton.

Abin da idonka zai gane a waya shi ne salon rubutun kiɗan: lambobi a kan layuka na Italiya ne, haruffa a kan layuka salon Faransa ne, shi ne kuma za ka gani a littattafan Holmes.