Kafin ka fasa katangar gidanka saboda sabon titi

Tambaya: Ina sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano. An fara fitar da sabon titi ta gaban gidana, wani kamfani kuma yana gina rukunin gidaje a bayanmu. Ɗan baffana dillalin filaye ne. Ya ce in rushe zaure da katanga in fitar da shaguna biyar, in ɗan ci gaba zuwa bakin titi, wai ya san mutane a ofis. Zan cire naira miliyan 12 daga jarina, ya ce cikin shekara biyu za su dawo. Takardar gidan ta ciniki ce da sa hannun mai unguwa. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, na karanta wasiƙarka, ban ga inda ka ce ka ga taswirar titin da idonka ba. Faɗinsa nawa? Ina magudanar ruwa za ta bi? Taku nawa aka ce a bari tsakanin kwalta da gini? Duk abin da ka sani ɗan baffanka ne ya faɗa maka, shi kuwa dillali la'adarsa yake ci ranar da aka yi ciniki. Ranar da aka zo da jan fenti aka yi wa bangonka alama, yana wata unguwar yana nuna wa wani fili.

"Na san mutane a ofis" ba takarda ba ce. Wanda ya sani ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, gwamnati ma tana sauyawa. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. 'Yan kasuwar Filin Idi sun ce gwamnatin da ta gabata ce ta ba su wurin. Sun je kotu, aka yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Masu takarda da ƙungiya da lauyoyi ke nan. Kai da za ka ci filin titi da sa hannun mai unguwa, me za ka nuna wa alƙali? Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana da ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, diyya kuwa a kan abin da ka gina ake lissafa ta. Ginin da ba shi da izini, da wuya ka ga ko kwabo.

Mu ɗauka ma ba a rushe ba. Na san wani mai sayar da taya da ya yi irin wannan gaggawa, ya gama shagunansa kafin a gama titi. Da 'yan kwangila suka ciko ƙasa suka zuba kwalta, sai titin ya fi daɓensa tudu har kusan gwiwa. Yanzu matakala uku ake sauka kafin a shiga shagon, da damina kuwa yaransa da bokiti suke kwana. Masu haya biyu sun tashi. Wani kuma an sa shinge a tsakiyar titin, mahaɗar juyawa ta yi nisa, motoci suna wucewa a guje ba mai tsayawa sayen ko ruwan leda.

Lissafin shekara biyun nan ma ban san inda aka samo shi ba. A ce kowane shago ya kama haya dubu 300 a shekara, biyar ɗin miliyan ɗaya da rabi ke nan. Shekara takwas kafin uwar kuɗi ta dawo, in ba a yi gyara ba, in kowa ya biya a kan kari. Kuɗin da kake juyawa a Singa kowane wata za ka binne a bulo. Kada ganin hadari ya sa ka zubar da ruwan tulu.

Rukunin gidajen bayanku ya fi shagunan tayar min da hankali. Za su cike wurinsu, su ɗaga harsashi, su ja katanga, ruwan da ya saba bi ta nan sai ya nemi gidan da ya fi kwari. Ka tuna ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, da aka ɗora laifinta a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa. Ka tara maƙwabta da mai unguwa, ku rubuta wa hukumar tsara birane, KNUPDA, ku nemi a nuna muku inda magudanar kamfanin za ta fita, tun katanga ba ta tashi ba. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Kai kuma ka je da ƙafarka, ba da saƙo ba. Ka nemi iyakar titin a rubuce, ka fara neman shaidar mallaka ta gwamnati a hukumar bayanan filaye ta jiha, KANGIS, ka sa a zana maka ginin a kai don amincewa. Ka bar titin ya ƙare, damina ɗaya ta wuce a kansa, sannan ka gwada da shago biyu a cikin iyakarka. In ɗan baffan naka ya matsa cewa za a riga ka, ce masa ya kawo miliyan huɗu ku yi tarayya, a rubuta a gaban shaidu.