Tambayoyi da Amsoshi: Ruwa a tankin iskar tirela, da duba mota da waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne. Duk sanda na ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iskar birki, sai ruwa ya feso haɗe da wani abu mai yauƙi launin toka. Wata uku kacal da canza gwangwanin diraya. Jabu aka sayar mini, ko kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yana yiwuwa jabu ne, amma yauƙin nan da ka ambata ya sa na fi zargin kwamfuresa, wato injin da ke cika tankuna da iska.

Iskar da kwamfuresa ke matsawa tana fitowa da zafi, ɗauke da danshi. Da ta huce, danshin sai ya koma ruwa. Shi ya sa aka dasa na'urar busar da iska, wato diraya, tsakanin kwamfuresa da tankuna. A cikin gwangwanin akwai ƙananan ƙwayoyi masu ramukan da ido ba ya gani, su ke tsotse danshin. Idan iska ta cika, bawul ɗin ƙasan diraya sai ya buɗe, ka ji "fiss" ɗin nan da kowane direba ya sani. A lokacin ne busasshiyar iska ke komowa ta baya, ta kwashe danshin daga ƙwayoyin ta watsar waje, su koma a shirye.

To, babban abokin gabar ƙwayoyin nan shi ne baƙin mai. In kwamfuresa ya tsufa ya fara tura mai cikin tiyo, man sai ya lulluɓe su ya toshe ramukan, kuma "fiss" ba ta wanke mai. Ko gwangwani goma ka ɗaura, haka za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka gani mai launin toka ruwa ne da ya cakuɗe da mai. Ka sa yatsa a bakin da diraya ke fesar da iska. Ɗan maiƙo kaɗan ba komai ba ne, amma in ka tarar da wurin jage-jage har yana ɗiga, a duba kwamfuresa da matatar iskar inji tukuna, domin toshewarta ma na sa kwamfuresa jan mai. A kwance bututun da ya taso daga kwamfuresa a leƙa cikinsa. Sau da yawa za ka ga baƙin gawayi ya daskare ya rage masa faɗi.

Ina roƙonka kada ka ɗauki wannan da wasa. Ruwan nan shi ke cin tanki da tsatsa, man kuma ya kumbura robobin bawul-bawul na birki, a ƙasashe masu tsananin sanyi har ƙanƙara yake zama cikin tiyo, dalilin da ya sa ake saka wa diraya ɗan abin ɗumama ke nan.

Ranar da za a ɗaura sabon gwangwani, a sa waigi a tayoyi, a kashe inji, a zuƙe iskar tankuna gaba ɗaya har geji ya kwanta a sifiri. A goge mazaunin tas, a sa sababbin robobin da suka zo cikin kwali, a shafa musu ɗan man giris, sannan a ɗaure da hannu kawai. Wasu gwangwanayen ta hagu ake ɗaure su, don haka a karanta jikinsu kafin a sa ƙarfi. Kuma ka nemi irin mai tace mai a ciki. Kada ka damu in ka ga sauran ruwa a kwanakin farko, tsohon da ya taru ne ke fita.

TAMBAYA: Malam, tawa dirayar kusan kowane daƙiƙa ashirin sai ta yi "fiss", ko mota na tsaye. Lafiya kuwa?

AMSA: Ba lafiya ba. Iska na zurarewa a wani wuri, kwamfuresa na ta cikowa ba hutu. Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a mahaɗar tiyo-tiyo, musamman siririn da ke zuwa bawul ɗin da ake kira gwamna, mai sa kwamfuresa ya fara ciko ko ya dakata, inda kumfa ta taso nan ne. In ba ka samu ba, sai bawul ɗin da ke hana iska komawa baya. Idan kuwa hucin ba ya yankewa sam, robar bawul ɗin fesarwa ce ta ci, ko datti ya maƙale mata. Ana sayar da kayan gyaransa daban, ba sai an sayi diraya sukutum ba.

TAMBAYA: Na canza gwangwani amma alamar gargaɗi ba ta ɗauke daga allon gaban mota ba. Ina da ƙaramar na'urar Bluetooth da nake duba ƙaramar motata da waya, zan iya soka ta a tirelar?

AMSA: Dakata tukuna, Malam. Yawancin waɗannan ƙananan na'urori an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 12, manyan motocin Turai kuwa 24 suke, kana sokawa tana iya ƙonewa. Ko ta tsira, yaren da manyan motoci ke magana da shi, wanda ake kira J1939, ba kowace ce ke jin sa ba.

Dirayar zamani, irin wadda Knorr-Bremse da WABCO ke ƙerawa, tana da ƙwaƙwalwarta. Tana lissafa yawan iskar da ta ratsa gwangwani, ita ke yanke lokacin fesarwa, kuma ba ta da hanyar sanin ka saka sabo sai an gaya mata. Wasu motocin ana mayar da lissafin sifiri ta maɓallan allon direba, wasu sai an jona kwamfutar gwaji ta manyan motoci. Kafin a goge komai, ka ɗauki hoton lambobin matsalar da wayarka, masu haruffan SPN (lambar ɓangaren da ya samu matsala) da FMI (lambar irin matsalar) a gabansu, ka turo mini tare da sunan motar da shekarar da aka ƙera ta.