An ce arzikin ƙasa ya ƙaru, ina namu?

Tambaya: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Kejetia da ke Kumasi, a Aboabo nake zaune. Rediyo na ta cewa tattalin arzikin Ghana ya bunƙasa, mu kuwa cefane sai ƙara wuya yake. Ɗana ya ce akwai cibiyoyin masana da ke ganin lissafin ne da gyara. Su wane ne?

Amsa: Hajiya, yaron ya yi gaskiya. Ke da kike auna masara da olonka kin san rigimar ciniki daga ma'auni take tashi. Olonkar gwamnati ita ce GDP, wato jimillar kuɗin duk abin da aka samar a ƙasa cikin shekara. A 2010 hukumar ƙididdiga ta sabunta lissafinta, rana ɗaya GDP ɗin Ghana ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100, aka sa mu sahun ƙasashe masu matsakaicin samu. Tukunyar kowa kuwa yadda ta kwana haka ta tashi.

Fitacciya cikin cibiyoyin ita ce New Economics Foundation, da aka kafa a Ingila a 1986. A 2006 ta fito da nata ma'aunin, Happy Planet Index, mai duba tsawon ran mutane, gamsuwarsu da rayuwa, da nauyin da suke ɗora wa ƙasa da ruwa. Ƙaramar ƙasar Vanuwatu ce ta zo ta ɗaya, Amurka na can ƙasa. Gwamnatoci ma sun fara sauraro: a 2019 Niyu Zilan ta gina kasafinta a kan walwalar jama'a.

Inda maganarsu ta fi shafar mu shi ne galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Zinariyar da aka fitar waje tana shiga GDP. Kogin Offin da Pra da suka koma kamar kunu, da gonakin koko da aka tone, ba wanda ya cire su daga lissafi. Har alif ɗin da za a ƙara saya don tace ruwan, ciniki ne, shi ma ƙari ake rubuta shi.

Sai dai ban bi su duka ba. Wasu masanan Turai na cewa a rage bunƙasar ma gaba ɗaya, wannan kuwa zancen wanda ya ƙoshi ne. Unguwanni irin su Asawase a Kumasi na buƙatar ayyukan yi da magudanan ruwa. In yaron na son masu duba abin da idonmu, ya nemi rubuce-rubucen Third World Network-Africa da ke Accra, sun daɗe suna bin diddigin abin da haƙar ma'adinai ke bar wa garuruwan da ake tonawa.