Jitata Ta Fara Zizza Tun Shigowar Hunturu, Ko Ta Lalace Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi jitar lantarki ta hannu, Squier ƙirar Stratocaster, a watan Agusta, kuma lafiya lau take kaɗuwa. Sanyi na shigowa sai tsirkiyoyin suka fara zizza idan na danna kusa da kan jitar, bakin ƙarafan wuyan yana kartar mini yatsu, ga amfilifaya tana ta gurnani ko ban taɓa komai ba. An ce in kai wa kafinta ya kankare wuyan. Me kuke gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar kafinta ya ji da ƙofofinsa tukuna. Bisa abin da ka bayyana, jitarka ba ta lalace ba. Matsala biyu ce ta haɗe maka: ɗaya ta katako da iska, ɗaya ta wutar lantarki, kuma babu ruwan wannan da waccan.

Ka sayi jitar ne a tsakiyar damina, lokacin da katako ya ƙoshi da laima. A Janairu da Fabrairu laimar iska a ƙasar Hausa takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, alhali jita ta fi son 45 zuwa 55. Abin da ke sa ƙofar katako ta cije da damina ta kuma yi sako-sako da rani, shi ne ya sami wuyan jitarka. Katakon ya tsuke, amma ƙarafan da ke gicciye a kansa, wato firet, ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo ta gefe yana yankar hannu. Wuyan kansa kuma ya ɗan sauya lanƙwasa.

Don haka a fara da mayar masa da danshi. Ka sami robar sabulu mai murfi, ka huhhuda murfin, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ajiye a cikin jakar jitar kusa da kanta, ka zuge. Duk kwana biyu ka duba soson. Ka ba ta sati ɗaya zuwa biyu a haka kafin ka taɓa ko noti ɗaya. Rataye jita a bango da hunturu, ko barin ta a but ɗin mota da rana, shi ne babban abin da ke kawo wannan ciwo.

In zizzar ta ƙi tafiya, sai awo. Wuyan jita bai kamata ya miƙe sak ba. Ana bar masa ɗan rami a tsakiya saboda tsirkiya ta sami wurin kaɗawa. Ka saita sautin tsirkiyoyin daidai, ka riƙe jitar yadda kake riƙe ta in za ka kaɗa, ba a kwance a kan tebur ba. Ka sa kafo, wato maƙalar da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na 1, ko wani ya danne maka. Da hannun dama ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama rula. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙasanta da saman firet na 8. Ma'aunin da kamfanin Fender ke bayarwa ga irin wannan wuya shi ne milimita 0.25. Ba sai ka nemi abin awo na musamman ba: guntun siririyar tsirkiya daga saiti mai lamba 10 (lambar kauri ce da ake rubutawa a jikin fakiti) kaurinsa ke nan daidai. In ya shige yana ɗan gogar sama da ƙasa, wuyan lafiyarsa ƙalau. In ya ƙi shiga, ko ka ga tsirkiyar kwance a kan firet, wuyan ya miƙe da yawa ko ya gantsare baya. Zizza tsakanin firet na 1 zuwa na 5, irin wadda ka faɗa, alamar hakan ce.

Maganinsa rodin da ke cikin wuyan. Saitin tsirkiya mai lamba 10 zuwa 46 yana jan wuya gaba da nauyin da ya kai kusan kilo 45, rodin ne ke ja da baya don a yi kunnen doki. Bakinsa yana cikin ramin da ke kai, dab da inda tsirkiyoyi suka fito. Yawancin Squier alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida na juya noti, mai milimita 4 ko 5 suke ci. Na Fender ƙirar Amurka inci ne, 1/8. Ka tabbata alankin ya zauna daram, ba ya wasa, domin in ka cinye bakin notin da alankin da ba nasa ba, gyaran ya zama na cire wuya. Juyi irin na hannun agogo yana ɗaure rodi ya miƙar da wuya, akasinsa yana sassautawa ya ƙara rami. Kai sassautawa za ka yi. Ka juya kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, in ya yi yawa rubu'i, ka sake saita sauti, ka bar ta ta huta awa guda ko ta kwana, sannan ka sake awo. Katako ba ya amsawa nan take, kuma masu gaggawa nan suke wuce gona da iri. In ka ji notin ya cije ko yana ƙara, tsaya. Kada ka sa ƙarfi.

Bayan wuya sai jaki, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran abin da tsirkiya ke hawa. Na Stratocaster yana da sirdi shida, kowane da ƙananan sukurori biyu na ɗagawa, galibi masu cin alanki milimita 1.5. Ba tare da ka danna komai ba, auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya: milimita 1.6 ake so. Mai nauyin hannu zai iya kai masu kauri zuwa 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallake rodi a yi ta ɗaga sirdi har zizza ta ɓace. Za ta ɓace ɗin, amma tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsu su yi ta ciwo, sautin sama kuma ya karkace.

Tunda ka taɓa sirdi, duba daidaiton sauti da manhajar saiti ta waya. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12. In na biyun ya haura, ja sirdin baya, nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Da sabuwar tsirkiya ake wannan, tsohuwa mai tsatsa ƙarya take yi.

Akwai zizzar da ba ta rodi ba. In a firet ɗaya tak take, mai yiwuwa na gabansa ne ya ɗago saboda bushewa. Ɗora gefen katin banki a kan firet uku a jere. In yana lilo, na tsakiyar ya fi tsawo. In kuma sai tsirkiya tana sake take zizza, da an danna ta daina, ramin da take bi a kai ne ya cinye. Sannan wani lokaci hannu ne. Jitar lantarki ba ta son duka irin na jitar kwarya. Gwada minti goma kullum kana kaɗa sauti ɗaya-ɗaya a hankali, yatsa dab da bayan firet, kana rage ƙarfin dannawa har sautin ya fara shaƙewa, sannan ka ƙara kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Zizza 'yar kaɗan da ba ta fitowa ta amfilifaya kuwa, ka ƙyale ta.

Bakin firet ɗin da ke kartar ka, in danshi bai mayar da shi ba, ana goge shi da ƙaramin magagari mai laushi bayan an rufe katakon da salatif ɗin takarda. Yanzu ne lokacinsa, da katako yake a tsuke, domin in an yi sau ɗaya da wuya ya dawo. In allon wuyan baƙin katako ne marar fenti, ɗigo uku ko huɗu na man da aka yi don shi ya isa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban da man gyaɗa, ban da man juye. Farin allo mai sheƙi ba ya bukatar mai sam.

Saura gurnani. Na'urorin ɗaukar sauti uku da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin Stratocaster masu naɗin waya ɗaya ne, kuma halinsu ne su kwaso ƙugin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar take bugawa sau 50 a daƙiƙa. Don kashe wannan ƙugin ne Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu, wadda ta fara fitowa a jitocinsu a 1957. A yawancin irin taka, in ka kai makunnin zaɓar na'urorin matsayi na 2 ko na 4, biyu daga cikinsu suna haɗuwa su rage shi.

Ga yadda za ka gano tushen. Rage maɓallin ƙarar jita zuwa sifiri. In gurnanin ya tsaya, ta jita yake shigowa: matsa nesa da cajar waya, fitilar tsiri, regiletar fanka da inbata, ka juya jikinka a hankali, za ka sami kusurwar da ya fi yin shiru. In bai tsaya ba, sauya kebul. In har yanzu yana nan, amfilifaya ce ko soket. Gurnanin da ke raguwa in ka dafa tsirkiya ba laifi ba ne. Wanda ba ya sauyawa ko kaɗan yana nuna wayar da ta haɗa jaki da ƙasa ta tsinke, tana cikin ramin sifirin a bayan jitar. Wanda ke ƙaruwa in ka taɓa, sau da yawa wayoyi biyun ramin kebul ne wani ya juya. Mai gyaran rediyo zai ɗinke su da dalma cikin minti biyar.

Abu ɗaya ba na wasa ba ne: in kana jin tsirkiya na ɗan jan ka, ko makirufo ya tsunkule ka a leɓe, cire fulogi nan take. Soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, abin da ya yi yawa a gidajen haya da wurin biki da ake kunna janareta. Kira mai wayarin, kuma kada ka yarda a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Duba bayan amfilifayar ma: in an rubuta 120V kaɗai, ta Amurka ce, sai da taransifoma mai rage wuta daga 230.

Ka rubuta yawan juyin da ka yi wa rodi a takarda ka jefa cikin jakar. Wajen watan Yuni, in ruwa ya zauna, wuyan zai sake motsawa, kuma akwai yiwuwar ka mayar da rabin abin da ka sassauta.